DAGA BAKIN ZAURE: Adon Ɗaki Ba Sai Da Fure Ba

Zancenmu na yau na ganye ne, wato ganyen itacen nan da muke takawa kullum a ƙofar gida, mu share mu tara mu cinna masa wuta. Na san wani zai ce, "To, yau kam mai filin nan ya rasa abin faɗa." A yi mini haƙuri a biyo ni zuwa ƙarshe tukuna, sa'an nan a yanke mini hukunci.

Kwanan baya na kai wa yayata ziyara a Uke, garin nan da ke bakin babbar hanyar da ta tashi daga Abuja ta nufi Keffi, bayan an wuce Mararraba da Masaka. Rabona da gidan ya kai shekara biyu. Abin da na sani a kan teburin falonta shi ne wani dami na furen roba, ja da rawaya, wanda aka kawo mata cikin kayan aure, ya daɗe har ƙura ta mai da shi ruwan toka. Da na shiga wannan karon sai na tarar babu shi. A madadinsa ga wata 'yar tukunyar ƙasa baƙa, an tsayar da rassa uku na mangwaro a ciki, ɗaya dogo, ɗaya ya kwanto gefe, ɗaya gajere ya rufe bakin tukunyar, ga kuma ganyen moda guda biyu sun miƙe a bayansu kamar takubba. Ɗakin ya yi wani irin sanyin gani wanda ban saba ji a cikinsa ba.

Amma ka san halinmu. Maimakon in yaba, sai na ce, "Yaya, lafiya? Wa ke kwance a gidan nan?"

Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Kai Auta, kai ne mutum na biyar da ya yi mini wannan tambaya. Wato ku in ba jiƙo ko turaren mayu ba, ba ku san wani amfanin ganye a ɗaki ba?"

Na rasa abin da zan ce mata, domin gaskiya ta faɗa. A wurinmu ganye a cikin ɗaki alama ce ta jinya, kamar yadda ake shimfiɗa darbejiya ga yaro mai ƙyanda. Ganye a kan titi kuwa alama ce ta babbar mota ta lalace a gaba. Mun san shi a miya, mun san shi a magani, mun san shi a ƙunshin goro da na alala, amma ba mu taɓa ba shi kujera a falo ba. Wannan matsayi mun ajiye wa furen roba da ake loda mana daga ƙasar Sin.

YADDA ABIN YA SAMO ASALI

Mijin yayar tawa ya yi shekaru yana aikin lambu a wani otal a Abuja kafin ya ajiye. Ya ce mini a can ya lura da cewa idan aka kawo furen gaske mai tsada aka jera a ɗakin taro, kwana biyu ko uku furen ya sunkuyar da kai ya zube, amma ganyen da aka kewaye shi da shi yana nan shar har mako ya zagayo. Sai a kwashe duka a zubar. Shi kuwa da ya dawo gida ya dubi mangwaro da gwaiba da lemon da ke bayan ɗakinsa, sai ya ce to me ya hana a bar furen, a riƙe abin da ke daɗewa?

Dalilin wannan bambanci ba boyayye ba ne. Fure abu ne da itace ke yi don 'yan kwanaki, ya jawo ƙudan zuma da sauran ƙwari, da zarar ya gama aikinsa sai ya faɗi. Fatarsa siririya ce, zafi kuwa yana gaggauta tsufansa. Shi ya sa masu noman furen wardi a bakin tafkin Naibasha na ƙasar Kenya suke sa shi cikin ɗakin sanyi tun daga gona, a ɗauke shi a jirgin sama zuwa kasuwar fure ta ƙasar Holan ba tare da ya sha zafi ba. A ƙasarmu ma inda furen yanka ya fi yin kyau shi ne tsaunin Jos, saboda sanyinsa. Ɗan Uke ko ɗan Kano da ke fama da zafin Maris da ɗaukewar wutar lantarki, ina shi ina wannan hidima? Ganye kuwa an halicce shi ne don ya yi watanni yana shan rana. Yana da kauri, yana da wani maiƙo a bayansa mai hana ruwa tsiyayewa, don haka ko an yanke shi daga uwarsa yakan jure.

Kada kuma a ɗauka wannan dabarar talaka ce kawai wanda ya rasa kuɗin fure. Mutanen Japan suna da wata sana'a ta jera tsirrai a ɗaki da suke kira ikebana, wadda makarantarta mafi tsufa, Ikenobo ta birnin Kiyoto, ta yi suna tun ƙarni na 15. A cikin darussan da suke koya wa almajiri akwai jera wani ganye mai faɗi da suke kira haran, shi kaɗai, ba fure ko ɗaya. A Ingila ma wata mata mai suna Constance Spry, wadda aka damƙa wa adon fure na bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953, ta yi suna ne saboda tana ɗebo rassan jeji da ganyen lambu, har da irin na kabeji, tana jerawa a gidajen manya. Da farko an yi mata dariya, daga baya aka bi sahunta.

WANE GANYE, WANE KUMA A GUJE SHI

Ƙasar Uke da kewayenta ba ta rasa itace ba, domin damina tana kai wata shida zuwa bakwai. Ga abin da na koya a wurin surukina, na kuma gwada da hannuna bayan na koma gida.

Ƙa'ida ta farko ita ce ganye mai kauri wanda ya ƙosa ya fi tohon da bai daɗe da fitowa ba. Tohon mangwaro ja ne mai ban sha'awa, amma kafin la'asar ya yi laushi kamar tsumma. Ƙosasshen ganyensa kuwa mai duhun kore yakan kai mako. Haka ganyen lemo, wanda ban da sheƙi yana da ƙamshi in an murza shi, sai dai a kakkarye ƙayarsa. Gwaiba tana da jijiyoyi masu kyan tsari. Itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, yana da dogon ganye mai ruwan toka-toka, yana daɗewa, ko ya bushe ƙamshinsa na nan. Wanda ya leƙa jeji zai sami kalgo mai ganye kamar sawun raƙumi, da kaɗanya wadda ganyenta ke taruwa a kan reshe kamar tuntu, bakinsa yana lanƙwashe-lanƙwashe. Sarkinsu duka wajen juriya shi ne moda. Ganyenta yakan yi makonni cikin ruwa, wani lokaci ma ya fid da saiwa, mutum ya mai da shi ƙasa ya sami sabuwar shuka.

Akwai waɗanda ba su da haƙuri. Zogale ba ya kwana. Ganyen gora yakan naɗe cikin 'yan sa'o'i. Darbejiya, baƙuwar nan daga ƙasar Indiya wadda aka fara dasawa a lardin Borno a 1928, yau kuma ta zama 'yar gida a ko'ina a Arewa, tana da kyan gani ƙwarai, amma bayan 'yan kwanaki sai ta fara zubar da ganye a kan tebur. Tun da yake ba ta da wuyar samu, ba laifi a sa ta ranar da ake jiran baƙi.

Sai kuma waɗanda ba a shigar da su ɗakin da yara ke wasa ko kaɗan. Tumfafiya tana da faffaɗan ganye mai kyau, amma farin ruwanta in ya shiga ido yana iya yi masa mummunan lahani. Haka tinya. Cini-da-zugu da zurma kuwa 'ya'yansu guba ne ga yaron da ya tauna. Akwai kuma wata shukar ado mai siririn ganye da fure ja ko fari wadda masu lambu ke kira oliyanda, ana yawan ganinta a harabar ofisoshi, ita kam daga ganye har itace guba ce. A taƙaice, duk abin da aka karya ya fid da farin ruwa kamar nono, a yi hattara da shi. Ko ɗanyen ƙaron mangwaro da na kashu yakan sa wa wasu ƙaiƙayi, don haka a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

YANKA DA SHIRI

A nan ne yawancin masu gwadawa ke faɗuwa, su ce abin ba ya yi. A cikin kowane reshe akwai wasu ƙananan hanyoyi, siraran da ido ba ya gani, waɗanda ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Da zarar an yanke reshe sai iska ta shiga bakin hanyoyin nan ta toshe su. In kuma ruwan tukunya ya ruɓe, ƙwayoyin cuta su taru su ƙara liƙe su. Ganye yana cikin ruwa amma ƙishirwa ta kashe shi. Duk dabarun da za a ambata, manufarsu a bar hanyoyin nan a buɗe.

A yi yanka da sassafe kafin rana ta ɗaga, ko da yamma liƙis, lokacin da ganye ya ƙoshi da ruwa. A tafi da bokiti da ruwa a ciki, ana yanka ana tsomawa. A yi amfani da wuƙa mai kaifi ko almakashi, kada a fizge da hannu, domin fizga tana yage ɓawon itace ta bar masa miki. Kafin a kai hannu a dubi reshen da kyau, saboda jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganyen mangwaro su yi gida a ciki, a jeji kuma saboda maciji. In an dawo gida a wanke ganyen ɗaya bayan ɗaya a fid da ƙura da ƙwari. Sa'an nan a sake datse gindin kowane reshe a karkace, kamar tsawon gaɓar yatsa, a tsige duk ganyen da zai nutse cikin ruwa, a tsayar da rassan cikin bokiti mai zurfi a inuwa su sha na sa'a uku ko huɗu kafin a fara jerawa.

Batun mazubi kuwa, mu da ke maƙwabtaka da Gbagyi ba mu da uzurin sayen kwalbar waje. Wannan yanki shi ne ya haifi Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane wadda ta shiga makarantar tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar Naira 20. Tukwanenta suna gidajen tarihi na Turai. Har yau ana gina tukwane a Ushafa da sauran garuruwan yankin. Ƙaramin tulu, ko kasko mai zurfi, ko tsohuwar buta ta ƙasa, duk sun fi gilashi dacewa da koren ganye. Abin lura ɗaya ne: tukunyar ƙasa tana tsattsafo, za ta ɓata tebur. Sai a yanke gorar ruwa ta roba a zura a ciki, ita ce za ta riƙe ruwan, tukunya kuma ta riƙe kyan. Don kada rassa su riƙa faɗuwa gefe, a zuba tsakuwa a ƙasan gorar, ko a gicciya 'yan ƙirare biyu a bakinta.

Wajen jerawa, kuskuren da na fara yi shi ne cusa ganye da yawa, har abin ya zama kamar damin harawa. Surukina ya cire fiye da rabi. Ya ce reshe uku ko biyar sun isa. Mafi tsawo ya kai kamar tsayin tukunyar sau ɗaya da rabi, na biyu ya gaza shi ya karkata gefe, na uku ya sauko ya rufe baki. A haɗa mai faɗi da siriri, mai duhu da mai haske, a kuma bar fili tsakaninsu yadda ido zai ga surar kowane ganye. Ya ce, "Malam, ai ko jeren kwanukan amarya in aka cushe shi ba ya kyau." Nan na gane ashe ilimin ba baƙo ba ne. Matan da suka iya jera tasoshi da langa a bango, babba a ƙasa ƙarami a sama, sun riga sun san ma'aunin.

A ajiye tukunyar nesa da tagar da rana ke bugawa, nesa da iskar fanka da murhu. Kada a sa ta kusa da ayaba ko mangwaro nunanne, domin 'ya'yan itace masu nuna suna fid da wata iska da ke sa ganye rawaya ya zube. Lokacin hunturu a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma.

GARGAƊI KAN SAURO

Yanzu ga inda wasa ya ƙare. Ni da kaina na yi sakaci na bar tukunya ta fi mako ban sauya ruwa ba. Ranar da na ɗaga rassan sai ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil a ciki. Wato da hannuna na gina wa abokin gaba gida a tsakiyar falo. Akwai wani sauro baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, mai cizo da rana, wanda ba ya son kome kamar ruwa mai tsabta da ke zaune cikin mazubi a gida. Shi ne ke yaɗa shawara, cutar da ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017, da kuma zazzaɓin dengi. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi ba ya wuce mako guda zuwa kwana goma a lokacin zafi. Ƙwansa kuma yana manne wa jikin mazubi, yana iya daɗewa a bushe bai mutu ba.

Saboda haka a sauya ruwa duk bayan kwana biyu, a goge cikin gorar da soso da sabulu, a zubar da tsohon ruwan a busasshiyar ƙasa, a ɗan sake datse gindin rassan. Wannan aiki guda yana maganin sauro, yana maganin wari, yana kuma ƙara wa ganye kwana. Wanda ya san ba zai iya wannan ɗawainiya ba, to ya cika gorar da jiƙaƙƙen yashi ya soka rassan a ciki, ko kuwa ya koma ga busasshen ado. Da kaka ga zangarniyar gero da ta dawa, ga kan gamba da kyasuwa, ga kabar goriba wadda za a iya datse ta kamar mafici. Waɗannan ba su son ruwa ko ɗigo, sukan yi wata da watanni, illa dai a nisanta su da fitila da kyandir. Akwai kuma dabarar gilisarin ɗin nan da mata ke shafawa da hunturu: a gauraya mudu ɗaya nasa da biyu na ruwan ɗumi, wato kashi ɗaya cikin uku, a tsayar da reshen turare a ciki mako biyu zuwa uku. Ganyen zai sha, ya rikiɗe ya yi ruwan ƙasa, ya kasance da taushi kamar fata ba ya karyewa.

HAKKIN ITACE

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauki adda ya auka wa itatuwan unguwa da sunana. Wanda ke bin hanyar Keffi ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi, ya kuma ga yadda gine-gine ke cin gonaki tun da gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a Abuja a 1991, ya san itacen yankin nan yana cikin wani hali. Don haka a yanki ƙananan rassan gefe kawai, daidai saman ido, inda sabon toho zai fito. Kada a taɓa kan ƙaramin dashe. Dabino da giginya da kwakwa kuwa zuciya ɗaya gare su a can tsakiya, in aka sare ta itacen ya tafi ke nan, sai a ɗauki ganyen ƙasa kaɗai. Itacen maƙwabci a nemi izini, wanda hukuma ta dasa a bakin titi a bar wa jama'a inuwarsu. Mafi kyau ma shi ne a jira ranar da ake rage wa itace rassa, a tsinci abin da za a ƙone.

Na lura da wani abu a gidan yayata wanda ya fi adon kansa burge ni. 'Ya'yanta, waɗanda da ba su san bambancin kalgo da kaɗanya ba, yanzu su ne ke gardamar wane ganye ya fi daɗewa. Ƙaramin cikinsu ya dasa moda guda huɗu a bayan ɗaki, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Kuma lokacin da aka kawo shawarar sare tsohon mangwaron gidan don a ƙara shago, uwar gidan ce ta tsaya kai da fata ta ce a ja ginin gefe. Furen roba ya yi shekara goma sha a ɗakin nan bai koya wa kowa sunan itace ɗaya ba.

Ba na cewa a kwashe furen roba a zuba a bola, domin wani na tunawa da ranar aurensa ne in ya dube shi. Abin da nake roƙo shi ne a gwada sau ɗaya. Ranar Juma'a mai zuwa a tashi da sassafe, a yanko reshe uku, a wanke, a tsayar a 'yar tukunya, a ga yadda ɗakin zai kasance. In baƙo ya shigo ya tambaya wa ke kwance, a ba shi ruwa ya sha, a ce masa kowa lafiya.

A gidana dai an yi sulhu. Maiɗakina ta ce furenta na roba ba inda za shi, amma ta yarda ya koma kan kabad, tukunyar ƙasa ta hau tebur, bisa sharaɗin ni ne mai sauya ruwa. Yau kwana biyu ke nan, bari in tashi in cika alkawari.

Sai mun sadu a mako mai zuwa.